Muhawara: mene ne ke sa mota ta yi daɗin tuƙi a hanyoyinmu?

Baban Hadiza:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƴan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin mota. Aikina a Tawa yake, iyalina kuwa suna Yamai, don haka hanyar da ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ta karya arewa a Tsarnawa, ta zame mini dole, kuma tafiya ce ta kimanin kilomita 550. Ina shirin sake mota, amma masu ba ni shawara sun kasu gida biyu. Wasu sun ce in nemi mai tsayi daga ƙasa, irin RAV4 ko ma Hilux, domin ita ce ba ta jin rami. Wasu kuma sun ce mai kwanciya a ƙasa, irin Corolla ko Avensis, ta fi daɗi a kan kwalta. Ni ba kyan jiki nake nema ba, ba kuma gudu ba. Abin da nake so shi ne in isa inda za ni ba tare da ƙuguna ya riƙe ko kafaɗuna sun yi tsami ba. Shin mene ne ainihin abin da ke sa wata mota ta yi daɗin tuƙi, wata kuma ta gajiyar da mutum ko da sabuwa ce?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka tana kan hanya, domin yawancin masu sayen mota fenti suke dubawa da ƙyallin fitila, sai bayan sun biya kuɗi su gane cewa jiki magayi. Ni na kama tuƙi tun zamanin da Peugeot 504 ke riƙe da tashoshinmu, kuma har yau ban zauna cikin motar da ta kai ta tausayin jikin direba ba. Ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, kuma ba a banza ta yi farin jini daga Ƙonni har Damagaram ba. Ƙafafunta suna da wurin motsi sosai, taya na iya nutsewa cikin rami ta dawo ba tare da ƙarfe ya daki ƙarfe ba, kujerunta kuma masu kauri ne da ke rungumar mutum. Amma abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. A 504 tazarar mita 2.74 ce, a mai dogon baya wadda muke ɗaukar fasinja da ita kuwa mita 2.90, alhali ƙananan Starlet da ke aikin taksi a Yamai ba su wuce mita 2.30 ba. Idan tazarar ta yi gajarta, kafin gaban mota ya gama sauka daga tudu bayanta ya riga ya hau, sai ta riƙa sunkuyawa tana ɗagowa, wuyan direba da ƙugunsa kuma su ne ke shan wahalar. Saboda haka tsayi daga ƙasa bai kai tsawon mota da laushin ƙafarta muhimmanci ba ga mai doguwar tafiya.

Mai Gareji:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar tazara gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Inda zan ɗan saɓa muku shi ne batun laushi, domin laushi kaɗai ba shi ne daɗi ba. A ƙafar mota abubuwa biyu ne ke aiki tare: akwai resor, wanda ke ɗauke da nauyi yana lotsawa idan taya ta daki rami, akwai kuma amotisa, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da resor ɗin kada ya ci gaba da rawa bayan an wuce ramin. Idan amotisa ya mutu motar kan yi laushi ƙwarai, har mai saye ya yaba mata a zagayen farko cikin gari, amma da zarar ta hau babbar hanya sai ta riƙa lilo kamar kwalekwale a tsakiyar kogi, direba kuma ya wuni yana gyara sitiyari hagu da dama ba tare da ya ankara ba. Wannan gyare-gyaren ne ke sa kafaɗa tsami, Malam Baban Hadiza, fiye da nisan hanyar kansa.

Motocin da ake kawo mana ta Kwatano a da, ko ta Lome yanzu, sun riga sun yi dubban kilomitoci a Turai ko Amurka kafin su iso, kuma da yawa daga cikinsu da amotisansu na asali suke zuwa. Gane mataccen amotisa ba wuya. Ka durƙusa ka leƙa bayan taya. Idan ka ga mai ya jiƙa jikinsa, ƙura ta manne ta yi baƙi, to ya gama aiki. Ka kuma danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: mai lafiya za ta ɗago ta tsaya cak, wadda ta mutu kuwa sai ta yi rawa sau biyu ko uku. Sannan akwai robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, waɗanda zafinmu ke busarwa su tsage. Su ne ke wannan ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji a ƙarƙashin ƙafar direba. Na sha ganin motar da mai ita ya yi niyyar sayarwa don ta gajiyar da shi, aka sake mata waɗannan kayan, ya fasa.

Ɗan Ader:
Ni Hilux nake tuƙawa a wurin aiki, kuma tana kai ni Abalak da Keita da Buza, don haka zan faɗa wa Malam gaskiya tsakani da Allah: kada ka saye ta domin hutawar baya. Bayanta a kan falle-fallen ƙarfe yake zaune, waɗanda aka ƙera don ɗaukar kaya kusan tan guda. Idan ka loda mata buhuna sai ta natsu ta kwanta, amma in ba ta ɗauke da komai, kowane ɗan tudu sai ya cilla bayanta sama, mazauna kujerar baya kuma su ne suka fi ji a jikinsu. Amfaninta yana bayyana ne inda kwalta ta mutu, kamar wasu wurare a hanyar Tawa zuwa Agadas, ko a kan jar hanya mai kunya-kunya, ko lokacin damina idan ruwa ya yanke hanya. A can ƙaramar mota ba ta da ta cewa, cikinta zai riƙa gugar ƙasa, kuma fargabar hakan ma gajiya ce. Amma wanda tafiyarsa kwalta ce daga farko har ƙarshe, ya ɗauki nauyin da ba ya bukata, ga shan mai, ga tsalle.

Hajiya Babba:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ƙaru, sai dai na lura maganarku duka a kan babbar hanya take, alhali motar da za ta kai Malam Yamai ita ce kuma za ta yi yawo da shi cikin Yamai. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson gadar Kennedy da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san cewa babu amotisan da zai cece shi idan kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, ba ya sanyi. Gumi yana shiga ido, riga tana manne wa kujera, haƙuri yana ƙarewa, kuma a lokacin ne mutum ke yin gaggawar da ke jawo karo da mai babur. Kujerar fata da ake ƙara wa mota kuɗi saboda ita, a ƙasarmu azaba ce idan mota ta wuni a rana; ta yadi ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba.

Abu na biyu, ni mace ce mai matsakaicin tsayi, kuma akwai motocin da idan na zauna ba na ganin ƙarshen hancinsu, sai in riƙa miƙa wuya. A nan mota mai ɗan tsayi irin RAV4 ta fi mini, domin ina hango masu babur da amalanke kafin su shigo gabana, shiga da fita ma sun fi sauƙi ga gwiwa. Na uku, tun da na koma mota mai canja giya da kanta ƙafata ta hagu ta huta. Tsakanin Katako da Babbar Kasuwa mutum zai taka kuloci ba adadi, kuma wannan wahala ce da ba dole ba.

Tsohon Direba:
Hajiya, batun kilim na yarda, zamani ya zo da shi kuma alheri ne. Amma mota mai canja giya da kanta ban amince da ita a doguwar hanya ba. Idan batir ya mutu a tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, mai giyar hannu samari huɗu za su tura ta ta tashi, waccan kuwa sai dai a jira. Idan akwatin giyarta ya lalace, ba kowane makanike ne zai iya buɗe shi ba. Kwanciyar hankali wani ɓangare ne na daɗin tuƙi; direban da zuciyarsa ke kan abin da zai faru in mota ta tsaya a daji ba zai ji daɗin kujera ba ko da ta auduga ce.

Mai Gareji:
Baba, gaskiya ne ba a tura ta ta tashi, amma maganin wannan waya biyu ce ta haɗa batir a ajiye a bayan mota. Abin da ke kashe akwatin giyar irin waɗannan motoci a wurinmu yawanci rashin canja mansa ne, ko zuba masa man da ba nasa ba, ko jan motar da igiya tafiya mai nisa alhali injin a kashe yake. Wanda ya kiyaye waɗannan zai daɗe bai buɗe shi ba.

Hajiya, game da kilim, mutane da yawa da zarar sanyi ya ragu sai su ce a ƙara gas, alhali sau da yawa ƙura ce matsalar. Akwai matacin iska a bayan akwatin da ke gaban kujerar fasinja a yawancin motocin Toyota, wanda bayan hunturu guda za ka ciro shi ka iske ya toshe da jar ƙura har da ganyen bedi. Akwai kuma ragar da ke gaban lagireto, inda zafin kilim ke fita, ita ma tana son wanki. Idan kuwa da gaske gas ne ya ƙare, to akwai inda yake yoyo, sai a nemo wurin kafin a ƙara. A kuma duba takardar da ke manne ƙarƙashin murfin injin, domin tsofaffin motoci R134a suke sha, waɗanda aka sayar sababbi a Turai daga 2017 kuwa mafi yawansu R1234yf ne, kuma ba a gauraya su.

Maman Sani:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma direbobi masu kukan ciwon baya ba baƙi ba ne a wurinmu. Ina so in ja hankalin Malam cewa rabin abin da yake kuka da shi yana iya kasancewa daga yadda yake zama ne, ko da wace mota ya saya. Akwai masu kwantar da jinginar kujera baya sosai suna ganin hutu ne, alhali hakan na tilasta musu miƙa hannu da turo kai gaba, tsokar wuya kuma ta wuni a ɗaure. Jingina ta ɗan karkata kaɗan kawai daga tsaye. Ka matsa da ƙugunka har ƙarshen kujera, sannan ka taka kuloci ko birki har ƙasa; idan gwiwarka ta miƙe sambal, kujerar ta yi nisa, ya kamata ta saura da ɗan lanƙwasa. Bayan haka ka miƙa hannu ka ɗora a saman sitiyari: wuyan hannunka ne ya kamata ya sauka a kansa ba tare da kafaɗarka ta bar jingina ba. Matashin kai kuma samansa ya yi daidai da saman kanka, domin shi ne ke kare wuya idan an buge ka ta baya.

Ƙasan bayan mutum yana da ɗan lanƙwasa ta halitta, kuma tsohuwar kujerar da sosonta ya mutu ba ta tallafe wannan wurin, sai ƙashin baya ya gantsare ta inda bai kamata ba, jijjigar hanya kuma tana ta dukansa awa bayan awa. Ƙaramin tawul da aka naɗe aka sa a wurin yana taimakawa ƙwarai. A cire jakar kuɗi daga aljihun baya, domin tana karkata ƙugu gefe guda. Sannan babu kujerar da aka ƙera don a zauna mata awa bakwai ba motsi. Ana shawartar direba ya tsaya duk bayan awa biyu, kuma hanyar Malam ta zo da sauƙi, domin Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni sun rabu kusan daidai, kimanin kilomita 140 tsakanin kowane gari da na gaba. Ya sauka, ya taka ƙasa, ya sha ruwa, in lokacin salla ne ya yi, ruku'u da sujada ma suna warware baya. Masu ƙin shan ruwa don kada su tsaya a hanya su ne ke isa gida da ciwon kai.

Auta:
Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in sa baki. Ni a ganina mota mai taurin ƙafa da manyan ƙarafan taya, irin inci 18, ta fi daɗin tuƙi, domin tana bin sitiyari nan take, ba ta kwanciya gefe a kwana, kuma direba yana jin hanya a hannunsa. Wannan ma ai daɗi ne, kuma yana ba mutum tabbacin cewa motar tana hannunsa.

Mai Gareji:
Ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne a kan kwalta mai santsi, kuma don irinta aka ƙera waɗannan tayoyin. Amma ka duba lambobin da ke jikin taya. Idan an rubuta 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 127 na roba da iska tsakanin ƙarfe da ƙasa. Idan ka koma 225/40 R18, abin da ya rage milimita 90 ne kacal. Wannan gefen shi ne ke fara shanye duka kafin ya kai ga resor, kuma idan ya yi gajarta, bakin rami yakan matse shi har taya ta yi ƙullutu ko ƙarfen ya lanƙwashe. Ƙarfen da ya lanƙwashe kuwa shi ne ke sa sitiyari rawa a hannu idan gudu ya kai wajen 90 zuwa 110, haka ma tayar da ba a daidaita nauyinta a na'ura ba.

Tun da mun zo kan taya, akwai abin da ya fi komai araha kuma ya fi komai tasiri, wato iska. Masu faci da yawa suna bugawa har sai taya ta yi tauri a hannu, wani lokaci ba ma'auni, sai ka iske ƙaramar mota da iskar da ta kai bar 3 a ma'auni ko fiye, alhali yawancinsu tsakanin 2.1 da 2.4 suke bukata. Adadin yana rubuce a wata takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai. Mota mai iska fiye da kima tana jin kowace tsakuwa.

Ɗan Ader:
To, Yaya, ga tambaya a kan wannan. Wasu direbobinmu idan sun tsaya a Ƙonni da rana suka ji taya ta yi zafi, sukan rage mata iska, wai kada ta fashe, kuma suna cewa motar tana ƙara laushi. Shin daidai ne?

Mai Gareji:
Ba daidai ba ne, kuma haɗari ne. Iskar taya tana ƙaruwa kaɗan idan ta yi zafi, masu ƙera ta kuma sun san da haka. Idan ka rage a lokacin, da ta huce sai ta koma ƙasa da abin da ake bukata, tayar da ba ta da isasshiyar iska kuwa gefenta ne ke ta lanƙwashewa yana ƙara zafi, kuma ita ce ta fi saurin fashewa. Da safe ake aunawa, kafin a yi tafiya. Rage iska yana da wurinsa, wato cikin rairayi mai zurfi a gudu kaɗan, kuma da an fito sai a mayar. A kula kuma da tayoyin gwanjo: akwai lamba huɗu a gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Robar da ta tsufa tana taurare, tana ƙara, ko da zanenta bai cinye ba. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara kuwa ta lokacin sanyin Turai ce, ba ta dace da kwaltarmu ba.

Baban Hadiza:
Allah ya saka muku da alheri. Yanzu hankalina ya fi karkata ga mota mai ɗan tsawo irin Avensis da tayoyi masu tsayin gefe, kodayake maganar Hajiya ta hangen hanya tana nan a raina. Saura abu guda: idan na je wurin masu sayarwa, yaya zan gwada ta, tun da yawanci ɗan zagaye kawai suke bari a yi?

Tsohon Direba:
Ɗana, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda ya hana ka gwaji ka bar masa motarsa. Kada ka shiga kai kaɗai; ka ɗauki mutum biyu ko uku su zauna a baya, domin haka za ka riƙa tafiya da iyali, kuma a nan ne resor da ya gaji ke nuna kansa. Ka kashe rediyo. Ka bi ta kan tudun rage gudu, ka sauka kan jar hanya ko da ɗan kaɗan ne, sannan ka fita bayan gari inda za ka kai gudu 100 ka saurara. Ƙugin da ke ƙaruwa tare da gudu daga taya ne ko daga boris ɗin ƙafa, ƙara mai kama da fito kuwa daga robar ƙofa da ta bushe, kuma ƙarar da ba ka damu da ita a minti goma ba ita ce za ta cika maka kai kafin Badagishiri.

Ɗan Ader:
In ƙara a kan na Baba, Malam ya duba gilashin gaba da kyau, kuma ya dube shi yana fuskantar rana, ba a inuwar rumfa ba. Gilashin da rairayi ya daɗe yana duka yakan cika da ƙananan tabo da ba a gani sai haske ya faɗo masa, kuma wanda ya bar Tawa da hantsi, daga Doso zuwa Yamai rana a idonsa take faɗuwa. Haka ma murfin fitilun gaba, idan ya yi rawaya ya dushe a sa a goge shi ko a sake kafin tafiyar farko, musamman in ta faɗo lokacin hazo. A nemi ragi a kan waɗannan tun wurin ciniki, domin gilashin gaba ba ƙaramin kuɗi ba ne.